Ƙasar Gungu da Tunga

Motar da na shiga a Jega ta bar tasha ana idar da sallar asuba. Watan Janairu ne, hunturu na kan ganiyarsa, hazo ya rufe hanya har direba bai kashe fitila ba sai da muka wuce Koko. Kowa ya dunƙule cikin mayafinsa. Rana ta fara cin hazon muna cikin ƙasar Shanga, sai ƙasa ta buɗe mana. An gama girbi, an ɗaure karan dawa an jingina da itatuwa, rumbuna sun sha sabuwar jinka. Ga ɗorawa da kaɗanya tsaye a tsakiyar gonaki, ba wanda ya kai musu gatari, domin kowace bishiya a nan tana da mai ita, kuma tana da ranarta.

Sunayen garuruwa ne suka fara ɗaukar hankalina. Tungan wane, Tungan wane, har muka iso Tungan Giwa. Tunga wuri ne da manomi ko masunci ya kafa bukka don ya yi damina ɗaya ko rani ɗaya, sai wurin ya karɓe shi, ya ɗauko iyali, ƙanensa ya biyo shi, kafin a ankara an yi masallaci, mahauci ya zo. Can bakin kogi kuma sunan da ke yawo shi ne gungu, wato tsibiri, irin su Gungun Sarki. Da waɗannan kalmomi biyu mutum zai karanta rabin tarihin ƙasar Yawuri. Mutane ne masu bin ruwa in ya ja, su matsa baya in ya taso, kuma ba su taɓa ɗauka cewa inda suka kwana bana nan za su kwana baɗi ba.

Da ɗan gari akan ci gari, saboda haka na sauka gidan wani abokin karatuna a ƙasar Shanga. Da dare muna hira da mahaifinsa a bakin wuta na tambaye shi ko yana jin Shanganci. Ya ce kakarsa ce ta ƙarshe da ta iya a gidansu, shi gaisuwa kawai ya riƙe. Haka abin yake ga yawancin Shangawa yau, Hausa ta zama harshen gida, sai a Sakace da wasu 'yan ƙauyuka na gefen kogi ake jin yara na wasa da harshen kakanni. Masana harsuna sun sa Shanganci cikin dangin Mande. Ɗan'uwan Kyanganci ne da Busanci na Borgu, kuma dangin nesa ne na harshen Bambara da ake yi a Mali. Na kwanta ina tunanin cewa harshe guda yana ƙarewa a hankali, ba tare da kowa ya yi niyyar kashe shi ba, kuma Hausar da nake alfahari da ita ce ke zama a gurbinsa.

Da safe ƙanen abokina ya kai ni fadama a kan babur. Ana dashen shinkafar rani, mata da yara sun sunkuya cikin taɓo, sanyi na cin ƙafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, noman rani ya bunƙasa a jihar nan, amma ruwan da ke shiga fangali inji ne ke ɗago shi, inji kuwa sai da mai. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ban ruwa ya nemi cinye riba. A gefen 'yar rijiyar bututun da suka haƙa da hannu na ga injin ban ruwa an jona shi da tukunyar gas irin ta girki. Wani bakanike ne na ƙauye ya sauya masa kafireta. Saurayin ya ce da damina ma injin ba ya zaman banza, akan ɗora shi a kan abin niƙa. Bai faɗi wannan da alfahari ba, ya faɗe shi kamar yadda mutum zai ce ya ɗinke rigarsa da ta yage.

Yelwa na isa da azahar. Ita ce mazaunin Sarkin Yawuri, kuma masarautar ɗaya ce cikin huɗu na Jihar Kebbi, tare da Gwandu da Argungu da Zuru. Ƙananan hukumomi uku ne ƙarƙashinta: Yawuri, Ngaski da Shanga. A makarantar firamare an koya mana cewa Yawuri tana cikin Banza Bakwai, sunan da ban taɓa jin daɗinsa ba, kuma da na zo na ƙara ƙinsa. A da ƙasa ce da fataken goro daga Kano da Katsina ke ratsawa su ƙetare Kwara zuwa Gwanja, tana karɓar kuɗin fito, tana sayar musu da guzuri, tana da birni mai ganuwa. Rikicin sarauta na ƙarni na 19 ya raba masu mulki da Birnin Yawuri har suka fake a tsibirin Ikum, sai a 1888 aka zauna a Yelwa. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan ƙasar Ngaski, ya yi bincike a kan wannan zamani kafin ya shahara da littafinsa kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Shi da sarki mai ci, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau karaga a 1999, duk sun shugabanci jami'ar da ke Sakkwato.

Ta gaban garin nan Mungo Park ya wuce cikin jirginsa a 1806, bai yi nisa ba ya halaka a duwatsun Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo wurin Sarkin Yawuri neman takardunsa, daga nan suka bi kogin har teku. Turawa sun kira wannan gano bakin kogi. Kakannin mutanen da na tarar a tashar jiragen ruwa ta Yelwa sun riga su sanin kowane dutse da ke cikinsa.

Tashar nan ita ce zuciyar garin. Jiragen katako dogaye sun jeru, ana sauke buhunan albasa da shinkafa, kwandunan busasshen kifi, itacen girki, ana loda siminti da gishiri da babura, har da saniya na ga an kwantar an ɗaure. A tsaye wuri ɗaya za ka ji Hausa da Gunganci da Kambarci da Nufanci da Zabarmanci da Yarbanci. Nan aka haɗa ni da wani dattijo daga cikin Gungawa mai ƙaramin kwalekwale, wanda zai koma gungunsu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ka iya ruwa?"

"Ban iya ba, Baba."

"To zauna tsakiya. Kada ka riƙe gefe. In ka ga na yi shiru, kai ma ka yi shiru."

Ɗansa na tuƙi da filafili a baya, shi yana gaba da gwangwala yana tokarawa inda ba zurfi. Da muka yi nisa ya sa hannu ya ɗebo ruwa a tafinsa ya nuna mini, garau kamar na rijiya. Ya ce wanga baƙin ruwa ne, baƙo ne, daga nesa ya taho. Abin da ya koya mini a wannan ƙetarawa shi ne mabuɗin duk abin da na gani a sauran kwanakin.

Kwara sau biyu take cika a shekara a wannan yanki. Cikar farko ita ce farin ruwa, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan damunarmu ne, na gulbin Sakkwato da Rima da sauran rafuka, ya kwaso laka har ya yi fari kamar kunun kanwa. Cika ta biyu tana zuwa tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Ruwan da aka yi ne a tsaunukan Gini tun damina. Ya gangaro ta Bamako da Segu, ya bazu a makekiyar fadamar Masina a Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya cikin ciyayi, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya bi ta kusa da Tambutu, ya wuce Gao da Yamai da Gaya, ya iso Yawuri a tace. Saboda ba laka a cikinsa, in ka leƙa sai ka ga duhun ƙasan kogi, shi ya sa ya ci sunansa. Dattijon bai taɓa zuwa Mali ba, amma ya ce daga yadda baƙin ruwa ya iso yakan san ko mutanen yamma sun sami damina mai kyau.

A kan waɗannan ruwaye biyu Gungawa suka gina shekararsu. Su da bakinsu Bareshe suke kiran kansu, harshensu kuma Tsureshe. Hausawa ne suka laƙaba musu sunan mazauninsu. Da damina suna tudu da gero da dawa, shinkafa na ƙasa-ƙasa. Farin ruwa in ya janye ya bar sabuwar laka, sai a ja fangali a dasa albasa, baƙin ruwa kuma ya iso daidai lokacin da take bukatar sha, ya kawo kansa har gindin gona. Daga Maris ruwa ya fara ja da baya, ƙasar da ya bari tana da danshi, sai a bi shi taki-taki da masara da wake da dankali. Wanda ya shuka kusa da ruwa ya makara, cika ta riske shi. Wanda ya yi nisa da yawa, danshi ya gudu ya bar shi. Sanin wannan iyaka ba a rubuce yake ko'ina ba, yana kan dattawa.

Gungun da muka sauka kore ne shar, albasa iya ganinka, ƙamshinta ya cika iska. Fangalolin ƙanana ne, an daidaita su da ido, ruwa na bin 'yar hanya daga wannan ya faɗa wancan, yaro ɗaya da fartanya yana buɗewa yana toshewa. Dattijon ya ce da ƙuruciyarsa da ƙwarya suke kamfatar ruwa su watsa, tun asuba har hantsi, kafaɗa ta yi tsami. Yanzu inji ya ɗauke musu wannan. Taki kuwa na shanun Fulani ne. Akwai wata ciyawar ruwa, burugu, wadda ke tsiro a gefen tafki tana tsawo tare da cikar ruwa. Da rani in daji ya bushe Fulani sukan gangaro dominta, samari kuma su shiga da kwalekwale su yanko su sayar dami-dami. Shanu sun ci, gona ta sami taki, mai gona ya sami nono. Ba kullum abin ke tafiya lami lafiya ba, akan yi ɓarna akan yi shari'a, amma tsohuwar ma'amala ce da kowa ya san amfaninta.

Ya nuna mini rudun da yake ajiyar albasa. Dakali ne na itace an ɗaga shi daga ƙasa, an shimfiɗa kara, an yi rufin ciyawa, iska na shiga ta ko'ina. Lokacin cira albasa ba ta da daraja, kowa na da ita. Wanda ya iya riƙe tasa zuwa damina shi ke cin kasuwa, ko da wani kaso ya ruɓe. Iri ma ba ya saye. Yakan zaɓi manyan kawuna ya sake dasawa su yi fure, ya tara irin a cikin gora ya toshe da toka.

Da dare na ji ana buga gwangwani can gefen gonakin shinkafa, ga wuta ana ɗagawa. Dorina ake kora. Dabba ɗaya takan share abin da mutum ya yi wata uku yana wahala a kai cikin dare guda, kuma takan kife jirgi. Bikin Rigata da ake yi a Yelwa, wanda aka farfaɗo da shi a 'yan shekarun nan, asalinsa daga nan ne: fitar jarumawan Gungawa cikin jirage don farautar dorinar da ta addabi mutane. Yau tseren kwalekwale ne da iyo da kiɗa a gaban sarki da baƙi. Manomin da ke kwana a bukka da gwangwani a hannu shi ke riƙe da ainihin abin.

Kwana biyu na yi a gungun, na dawo Yelwa na gangara Zamare, inda ake fito zuwa Rofiya ta Jihar Neja. Daga nan kogi ya fara buɗewa yana zama tafkin Kainji. Masunta ne ko'ina, Sarkawa da Gungawa da Lopawa da baƙi daga Mali da Nijar. Na zauna da wasu suna gyaran kalli a inuwa, suna lissafa mini kayan aikinsu: birgi da ake jefawa, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, gura da aka koya daga masuntan Mali, wadda ake sa mata dusa a nutsar. Abin da ke sa raga ta yi iyo guntayen tsofaffin silifa ne da robar ruwa, abin da ke nutsar da ita kuma dalmar tsohon batir ko dunƙulen yumɓu da aka gasa. Ba abin da ake yarwa a tungar masunta.

Kifin da aka fito da shi a ranar karfasa ce da kurungu da tarwaɗa da 'yan falia. Na tambayi giwan ruwa. Wani mai furfura ya buɗe hannuwansa iya buɗewa, ya ce irin wannan sun kama da yawa shekarun farko bayan an tare ruwa da madatsar Kainji, yanzu sai a yi wata ba a ga babba ba. Gaskiya ya faɗa. Tafkin ya yi ambaliyar kifi a farkon shekarun 1970, masunta suka yi ta kwararowa, kafin ƙarshen shekarun abin ya ja baya ƙwarai.

A nan na ga dabarar da ban yaba ba. Akwai wani ɗan mitsitsin kifi, warangi, wanda bai kai tsawon yatsa ba, yana da yawa a tafkin, ana shanya shi a rana a cika buhuna a kai Kudu, na miya da na abincin kaji. Don kama shi ake jan dala, doguwar raga mai ido kamar gidan sauro, wadda mutane da yawa ke ja zuwa gaɓa. Dala ba ta zaɓe. Tare da warangi takan kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa da na falia waɗanda ba su kai ko'ina ba. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya yi aiki da masuntan tafkin da sarakunan ruwa da cibiyar binciken kifi ta New Bussa, har jihohin Kebbi da Neja suka hana jan dala. Na ga ana janta da idona. Mai ita ya san illarta sarai, ya ce in ya bari wani zai ja, kuma bashin raga na wuyansa. Na fahimci uzurinsa, amma cin iri ne, kuma 'ya'yansa ne za su biya.

Mata su ne ƙashin bayan wannan sana'a. Su ke sayen kifi tun a bakin jirgi, su fafe, su lanƙwasa tarwaɗa su soke da tsinke, su jera a kan banda. Wata bandar ta laka ce, wata ganga ce aka yanka biyu aka ɗora waya. Itace ya yi tsada, don haka akan haɗa da busasshen kashin shanu da totuwar masara. Wata dattijuwa da ke juya kifi, idanunta sun yi ja don hayaƙi, na ce mata, "Sannu da aiki, Inna." Ta ce, "Yawwa ɗana, aiki sai mai shi." Daga baya aka gaya mini jirage biyu na tungar da kuɗinta aka yi su, kuma masu su ita suke fara kawo wa kamu.

Duk wannan rayuwa an taɓa tumɓuke ta gaba ɗaya. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka tare kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon kilomita kusan 135, ya haɗiye tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Mungo Park, ya cinye mafi yawan tsibirin Foge da gungaye masu yawa. Mutum kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200 aka tasa. Gwamnati ta gina musu sababbin matsugunai, gidajen siminti masu rufin asbesto, kuma har yau suna nan, wasu sun tsattsage. A ƙauyen da na shiga kowane gidan gwamnati an kewaye shi da ɗakunan laka da rumbuna da 'yan bukkoki, har sai ka lura sosai za ka gane ainihin ginin. Wanda ya zana gidan bai san mutum zai ƙara aure ba, bai san 'ya'ya za su girma ba, bai san inda akuya ke kwana ba. Masu gidan suka ƙarasa masa aikinsa da laka. Gini dai ya gyaru. Abin da ya fi wuya shi ne ƙasa: wanda ya gāji lakar gungu aka kai shi tudu mai tsakuwa, dole ya koma ɗalibi a sana'ar da ya tsufa a cikinta. Wasu suka jure, wasu suka koma bakin ruwa suka kafa sabuwar tunga.

A Birnin Yawuri, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Ngaski, ban daɗe ba. Ragowar ganuwa na nan kamar dogon tudu, an yi gonaki a kanta. Sunan garin ya shiga duniya ranar 17 ga Yunin 2021, da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya suka kwashe ɗalibai da malamai. 'Yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai a 2023. Mutane ba sa son tayar da zancen, ni ma ban matsa ba. A hanya na ga tungayen da aka watse aka bari, da samari masu ƙura har gira suna dawowa daga ramukan zinariya. A Libata kuma ana maganar wani sabon dutse, litiyam, da ake yin batir da shi. Ƙauyukan Kambari na gefen hanya sun fi ko'ina yawan rumbuna, a jere kamar tukwane, ƙofar kowanne a sama, an ɗora shi a kan duwatsu saboda gara.

Wara ita ce hedikwatar Ngaski, kuma a nan ne na ga girman tafkin. Hazo ya haɗe ruwa da sama, ba ka ganin ƙetare. Iska in ta taso da yamma igiyar ruwa takan yi tsawon da ba ka zata ba. A gaɓa wani kafinta da yaransa suna haɗa jirgi mai tsawon da ya fi babbar mota. Ba takarda, ba zane. Da igiya da ido yake awo, yana lanƙwasa katako da wuta da ruwa, yana cusa auduga a tsakanin alluna ya bi da kwalta, ya rufe da yankan kwano da ƙananan ƙusoshi. Ya ce a da itace guda ake fafewa, maɗaci ko kawo, amma manyan itatuwan sun ƙare, yanzu katako daga Kudu ake kawowa. Na tambaye shi mutum nawa jirgin zai ɗauka. Ya faɗi adadi, sannan ya ce wannan nasa lissafin ne, ranar kasuwa kuwa lissafin mai jirgi ne.

Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi irin wannan da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya tarwatse a ruwan Wara, ɗauke da mutum fiye da 150, yawancinsu mata da yara da 'yan kasuwa. Kimanin 20 aka ceto da rai. Kwanaki aka yi ana tsamo gawa. Sababin irin wannan haɗari kowa a nan ya san su: lodi fiye da kima, tsufan jirgi, tafiyar dare, da kututture. Lokacin da aka tare ruwa ba a sare dukan dajin da zai nutse ba. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi shekara fiye da 50, ruwa ya mai da su kamar ƙarfe. Tafkin yakan sauka da kusan mita 10 tsakanin cikarsa da ƙarancinsa, kuma in ya sauka kawunansu na dab da fuskar ruwa. Tsofaffin matuƙa sun haddace wurarensu, suna auna su da wani tsauni ko wata kuka ta gaɓa. Yaron da ya sami inji jiya bai haddace ba.

Daren ƙarshe a wata tungar masunta kusa da Wara na yi shi. Da magariba ta yi duhu ya sauka gaba ɗaya, sai tocila da wutar banda. Wani saurayi ya kafa faifan sola ɗaya a kan rumfa, ya jona da batirin mota, yana cajin wayoyin tungar duka ana biyansa. Kudu da mu, a kan wannan ruwa da muke jin motsinsa, injinan Kainji ne da aka kafa don ba da megawat 760, wutar da ke tafiya manyan birane har da Jamhuriyar Nijar. A tungar babu ƙanƙarar da za a sa kifi ya kwana, shi ya sa dole a banda shi ko a sayar da araha kafin rana ta yi.

Da safe na shiga jirgin kasuwa don in ga ƙetaren kafin in juya. Babu rigar ruwa ko ɗaya a cikinsa. Kusa da ni wata mata ce da yara biyu. Kafin a tayar da inji ta ciro jarka biyu marasa komai, ta duba murafen ta ƙara ɗaurewa, ta zare ɗankwali ta yaga biyu, ta ɗaura wa kowane yaro jarka ɗaya a ƙirji. Ita ba ta da ta uku. Ta yi bisimilla, ta riƙe hannuwansu.

Na yi kwana shida ina sha'awar hikimar mutanen nan, amma wannan ban iya yi mata sha'awa ba, kunya ce ta kama ni. Mu 'yan birni mun iya yabon ƙauye. Mukan ce mutanen karkara akwai dabara, akwai haƙuri, mu ɗauki hoto mu koma. Yabon nan sau da yawa hanya ce ta sauke nauyi daga wuyanmu. Wanda ya iya karanta ruwan Mali a tafin hannunsa, ya iya haɗa jirgi ba zane, ya mai da injin fetur na gas, ya yi nasa har ya wuce. Cire kututture daga hanyar jirgi ya fi ƙarfin filafili da gwangwala, jan wayar wuta ma haka.

An kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, kuma ta raba rigunan ruwa ta fara aikin cire itatuwa a wasu wurare. Tafkin yana da faɗi, mashigansa suna da yawa, abin da aka yi somin taɓi ne. Ina roƙon gwamnatin tarayya da ta Kebbi da ta Neja, da masarautun Yawuri da Borgu da Kwantagora, su haɗa hannu a sa alama a hanyoyin jirage tare da tsofaffin matuƙan da suka san su tun suna raye, a ajiye rigunan ruwa a kowace tasha a hannun sarkin ruwa da shugabannin 'yan fito, a hana jirgi tashi in lodi ya wuce, a kai wuta tungayen da aka tasa iyayensu domin a samar da ita. Ruwan zai fara ja a watan Maris, zuwa Yuni da Yuli kawunan kututturan za su fito fili kowa ya gan su. Lokacin aikin ke nan.